Gajeren GOP, cikakken firem zalla, ko HAP: wane matsi ya dace da bidiyon da mai kallo ke sarrafawa?

Bidiyon da za a zauna a kalla daga farko har ƙarshe daban yake da bidiyon da mai kallo zai riƙa taɓawa. Na biyun shi ne irin wanda ake sakawa a allon taɓawa a gidan tarihi ko wurin baje koli, ko darasin da ɗalibi ke zaɓar amsa sai bidiyo ya tsallaka zuwa wani sashe, ko shafin intanet da hoto ke motsi gwargwadon yadda ka ja shi da yatsa, ko bidiyon da ake haskawa bayan masu wasa a dandali, mai kula da na'ura yana sauya shi da maɓalli. Ƙorafin da ake ji a duk waɗannan kusan iri ɗaya ne: an danna, hoto ya daskare kafin ya motsa, ko ya fito da dabbare-dabbare, ko ya sauka a inda ba nan aka nufa ba. Sai a ɗora wa kwamfuta laifi a ce ba ta da ƙarfi, ko a ce netwok ne. Alhali sau da yawa matsalar tana cikin fayil ɗin tun ranar da aka fitar da shi daga manhajar tace bidiyo.

Firem ɗaya, wato hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, mai girman 1920×1080, idan ba a matse shi ba, ya haura megabait 3 a tsarin launin da aka saba. Firem 25 a sakan ke nan kusan megabait 78 duk sakan ɗaya. Da wuya a iya aika wannan ta intanet, shi ya sa H.264, tsarin matse bidiyo da aka kammala a 2003, da 'yan uwansa ba sa adana kowane firem cikakke. Suna adana cikakken hoto jefi-jefi, wanda ake kira firem I. Tsakanin cikakken hoto da na gaba sai su riƙa rubuta abin da ya sauya kawai. Firem P yana dogara da waɗanda suka gabace shi, firem B kuma yana leƙa baya yana leƙa gaba. Daga cikakken firem zuwa wani cikakken firem shi ne GOP.

Ka ɗauki ɗan kasuwar da ke ƙidaya kayan shagonsa gaba ɗaya sau ɗaya a wata, sauran kwanakin kuma abin da ya shigo da abin da ya fita kawai yake rubutawa. Littafinsa ba zai cika da wuri ba. Amma ka tambaye shi buhu nawa ne a shago ran 25 ga wata, dole ya koma shafin ƙidayar ƙarshe ya biyo lissafi kwana-kwana har ya iso. Haka na'ura ke yi duk lokacin da ka ja bidiyo zuwa tsakiya.

To, x264, manhajar da ffmpeg (manhajar sauya bidiyo da ake rubuta wa umarni) da wasu manhajoji da dama ke amfani da ita wajen matsin H.264, idan ba ka ce mata komai ba za ta iya barin tazarar firem 250 tsakanin cikakken hoto da na gaba. A firem 25, sakan 10 ke nan. Idan yatsan mai kallo ya faɗa daf da ƙarshen wannan tazara, sai na'ura ta warware firem sama da 200 a ɓoye kafin ta nuna masa ɗaya. Idan bidiyon a kan intanet yake, sai ta fara sauke su tukuna. Manhajojin kunna bidiyo hanya biyu suke bi a nan. Wata ta tsaya ta yi lissafin, ka ga hoto ya daskare. Wata ta ƙi jira ta diro a cikakken firem mafi kusa, ka ga ta kai ka wurin da ba ka zaɓa ba. Ƙorafi biyu ne, tushensu ɗaya.

Akwai wani abu da ke ƙara ɓoye matsalar. x264 tana saka ƙarin cikakken firem duk inda ta ga an yanka zuwa wani sabon fage. Bidiyon talla ko na waƙa mai yawan yanke-yanke zai samu cikakkun firem da yawa ko ba a nema ba, sai ya riƙa tsallake lafiya lau. Darasin da malami ke tsaye gaban allo, kyamara ba ta motsi, babu yanka ko ɗaya, shi ne zai cika tazarar 250 ɗin taf. Kuma irin wannan bidiyon ne mutane suka fi yawan ja gaba da baya.

Dogon GOP ba laifi ba ne a wurinsa. Ga fim ko wa'azin da za a saurara a jere, shi ya fi tsimin data. Amma ba da shi ake aikin da muke magana a kai ba, saboda haka zaɓin gaskiya uku ne.

H.264 mai gajeren GOP

Wannan shi ne zaɓin da ya ishi mafi yawan mutane, kuma da shi nake ba da shawarar a fara. Fayil ɗin yana nan MP4 na yau da kullum da kowace waya da kowace burauza ke buɗewa, abin da aka taɓa kawai shi ne tazarar. Manyan kamfanoni ma haka suke yi. Ƙa'idar Apple ta HLS, tsarin watsa bidiyo gutsure-gutsure da ta fito da shi a 2009, ta ce a sa cikakken firem duk sakan 2, kowane gutsure kuma ya zama kimanin sakan 6. YouTube a shawarwarinta ga masu ɗora bidiyo ta nemi rufaffen GOP, wato wanda ba ya aro daga GOP na kusa da shi, mai tsawon rabin adadin firem na sakan, wato kusan rabin sakan, da firem B biyu a jere.

Ga bidiyon da ake tsallake a cikinsa ta intanet, sakan 1 zuwa 2 ya wadatar. Ga wanda ke zaune cikin na'urar kanta, kamar allon taɓawa, za ka iya sauka zuwa rabin sakan, tunda ba kuɗin data kake biya ba. Misalin umarnin ffmpeg na sakan ɗaya a firem 25:

ffmpeg -i asali.mov -c:v libx264 -crf 20 -g 25 -keyint_min 25 -sc_threshold 0 -pix_fmt yuv420p -movflags +faststart sabo.mp4

Kuɗin da ake biya shi ne girma. Cikakken firem ya ninka firem P nauyi sau da dama, don haka duk lokacin da ka rage tazara fayil zai ƙaru. Sai dai ƙaruwar ba a miƙe take ba. Daga sakan 10 zuwa sakan 2 ƙarin ba shi da yawa. Daga sakan 1 zuwa ƙasa ne yake fara cizo, musamman a bidiyon da hotonsa ba ya motsi sosai, inda dogon GOP ya fi yin tsimi.

Dabarar da mutane suka fi mantawa da ita, kuma a ganina ta fi duk sauran amfani, ita ce wannan: a yawancin ayyuka ka san inda za a diro. Darasi mai rassa yana da wurare ƙidayayyu da maɓalli ke kaiwa. Allon gidan tarihi yana da babi-babi. Ba sai ka cika fayil da cikakkun firem ko'ina ba, ka dasa su daidai bakin kowane babi. A ffmpeg sai ka ƙara -force_key_frames ka jera lokutan, misali 0,42,95.6, ka bar sauran bidiyon da tazarar sakan 2. Duk wanda ya danna maɓalli zai diro kan cikakken hoto kai tsaye, babu firem ko ɗaya da za a warware a ɓoye, kuma fayil bai kumbura ba. Abin lura kawai shi ne lokacin da manhajarka ke tsallakawa ya dace da na firem ɗin sosai. Idan ta nemi wurin da ya gaza da firem ɗaya, ta faɗa cikin GOP na baya, an koma gidan jiya.

Batun rufaffen GOP kuma ba ado ba ne. A buɗaɗɗen GOP, firem B da ke kusa da cikakken firem suna iya aro daga GOP da ya wuce. Idan an diro daga wani wuri, abin da za su ara babu shi, sai dai a watsar da su ko su fito a lalace. x264 rufaffe take yi tun asali. x265, mai matsin HEVC, tsarin da ya biyo bayan H.264, buɗaɗɗe take yi sai ka hana ta da no-open-gop. Mutum kan koma HEVC don neman ƙaramin fayil, ya tarar da dabbare-dabbare a farkon kowane tsalle, bai san daga ina suka fito ba.

Idan kuma za ka fitar da bidiyo ɗaya a inganci hawa-hawa, 1080 da 720 da 360, don manhaja ta riƙa sauyawa gwargwadon ƙarfin netwok kamar yadda HLS da MPEG-DASH ke yi, dole cikakkun firem su faɗo lokaci ɗaya a dukkansu. Amfanin -sc_threshold 0 ke nan a umarnin da ke sama: yana hana x264 saka nata inda ta ga dama, don kowane gutsure na kowane hawa ya fara a wuri ɗaya.

Firem B fa? Ga bidiyon intanet ka bar su, tsiminsu ya fi wahalarsu. Ga wanda ake kunnawa da maɓalli a dandali, inda jinkirin firem biyu ma ana ganinsa, ka cire su da -bf 0. Dalili shi ne na'ura sai ta riƙe wasu firem ta sake jera su kafin ta fara nunawa.

Kowane firem cikakke

Akwai ayyukan da gajeren GOP ba ya isarsu komai gajartarsa. Na farko shi ne ja da yatsa, inda kowane ɗan motsi tsalle ne, sau goma ko ashirin a sakan. Na biyu shi ne kunnawa da baya. Firem P ba ya warwaruwa sai an bi jerin daga farko zuwa gaba. Don a nuna firem na 20 sannan na 19 sannan na 18, sai na'ura ta warware daga farkon GOP ta tara su a ƙwaƙwalwa, ko ta yi ta maimaita aikin. Shi ya sa bidiyo ke tafiya sumul idan ka ja shafi ƙasa, ya riƙa tsalle-tsalle idan ka ja sama.

Maganin shi ne -g 1: kowane firem ya tsaya da ƙafarsa. Har yanzu H.264 ne, burauza za ta buɗe shi. Amma fayil zai ninka sau da yawa idan kana son inganci iri ɗaya, kuma a nan akwai tarko. Guntun da ke warware bidiyo a cikin waya yana da iyaka. A ƙa'idar H.264, mataki na 4.0 a nau'in da ake kira High ya tsaya a megabit 25 a sakan (megabit 8 ne megabait ɗaya), na 4.1 kuma a 62.5. Bidiyon 1080 mai cikakkun firem zalla yana iya haura abin da ƙaramar waya za ta ɗauka, sai ka gyara tsalle ka ɓata kallo. Mafita ita ce ka rage girman hoto zuwa 720 ko ƙasa, ka gajarta bidiyon zuwa sakan kaɗan, ka cire sauti tunda ba a jin sa yayin ja. Idan girman ya gagara, gwada -g 2 zuwa -g 5 ba tare da firem B ba. Sau da yawa ido ba ya bambanta shi da -g 1, fayil kuwa ya ragu sosai.

ProRes na Apple, wanda ya fito a 2007, da DNxHD na Avid su ma cikakken firem zalla ne, shi ya sa masu tace bidiyo ke son su. ProRes 422 a 1080, firem kusan 30 a sakan, yana cin kimanin megabit 147 a sakan, wato fiye da gigabait ɗaya a minti. Ka kwatanta da megabit 8 da YouTube ke ba da shawara ga 1080. Ingancinsa ba a magana, amma furosesa ce ke warware shi a yawancin kwamfutoci, in ban da na Apple masu guntun M1 Pro da M1 Max na 2021 da wasu na bayansu da aka gina masa wuri na musamman. Bidiyo ɗaya ko biyu a kan Mac, ProRes ya yi. Ga waya ko shafin intanet, ka manta da shi.

HAP

Wannan na masu aikin dandali ne da masu haɗa hotuna da yawa a lokaci guda. Kamfanin Vidvox, masu manhajar VDMX, su suka fito da shi kuma suka bar shi a buɗe kyauta. TouchDesigner da Isadora da Millumin duk suna karɓarsa. Resolume tana da nata mai kama da shi, DXV.

Hikimarsa ita ce yana adana kowane firem a tsarin da katin hoto, GPU, ke karantawa kai tsaye. Furosesa ba ta yin komai sai ɗauko firem daga ma'ajiya, ta kwance wani ɗan matsi mara nauyi mai suna Snappy, ta miƙa wa katin. Saboda haka kwamfutar da za ta shaƙe da bidiyon H.264 kaɗan a lokaci ɗaya tana iya ɗaukar HAP da yawa, ana sauya su, ana juya su baya, ana canza musu gudu, ba gargada.

Lissafin girmansa a fili yake. HAP na asali bit 4 yake ba kowane ɗigon hoto, wato kusan megabait ɗaya ga firem na 1080, megabait 26 a sakan a firem 25. HAP Q ninki biyu ne, megabait 52 a sakan, sama da gigabait 3 a minti, kafin Snappy ya ɗan rage. Nauyin ya tashi daga furosesa ya koma kan ma'ajiya, don haka sai da SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa. Ka ɗora bidiyo huɗu na HAP Q a kan tsohon faifai mai juyawa ko filashi, za su yi ta tsayawa, ka zata HAP ɗin ne bai da kyau. HAP na asali kuma yana nuna layi-layi a inda launi ke sauyawa a hankali, kamar sararin sama ko hayaƙi. A irin wannan hoton HAP Q za ka ɗauka. Akwai HAP Alpha ga hoton da ake son a riƙa ganin abin da ke bayansa, abin da H.264 na yau da kullum ba ya yi. Faɗi da tsawon hoton su rabu da 4 ba saura.

Waya ba ta buɗe HAP, burauza ma haka. Wanda aikinsa bidiyo ɗaya ne a allo ɗaya da maɓallai biyar, bai da buƙatarsa.

Sababbin matsi, da abin da matsi ba ya gyarawa

HEVC da VP9 na 2013 da AV1 na 2018 sun fi H.264 rage girman fayil, amma tsarin GOP ɗin nan dai suke bi, kuma warware su ya fi nauyi. Tambayar ita ce ko na'urar mai kallo tana da guntun da ke warware su. A iPhone, AV1 sai daga 15 Pro na 2023 ya samu wannan. Idan masu kallonka ƙananan wayoyin Tecno da Infinix da itel ne a hannunsu, kamar yadda yake a yawancin garuruwanmu, H.264 ne kaɗai za ka rantse cewa kowace za ta warware ba tare da ta yi zafi ba. Datar da AV1 zai rage maka ba ta kai takaicin maɓallin da ba ya amsawa ba.

Sauyawa daga wani bidiyo zuwa wani kuwa tana da nata zaɓin: fayil ɗaya mai ɗauke da duk rassa, ko kowane reshe da fayil ɗinsa. Buɗe sabon fayil yana nufin karanta bayanansa da tayar da mai warwarewa daga farko, a nan ne baƙin allo ke ƙiftawa. Fayil ɗaya da aka dasa wa cikakkun firem a bakin rassa ba shi da wannan, kuma ga aikin da ke cikin na'ura shi na fi so. Aibinsa shi ne gyara: ka sauya reshe ɗaya, sai ka sake fitar da duka, lokutan tsalle su goce. Idan ka zaɓi fayil daban-daban, su zama girma ɗaya, adadin firem ɗaya, matsi iri ɗaya, kuma a loda na gaba a ɓoye tun kafin a buƙace shi. Netflix haka ta yi a Black Mirror: Bandersnatch na Disamba 2018: ana ba mai kallo sakan 10 ya zaɓa, fim na ci gaba da tafiya, manhaja kuma ta riga ta tanadi farkon rassan biyu. Sai dai kar ka loda da yawa a waya, domin adadin bidiyon da guntunta ke iya riƙewa a buɗe lokaci ɗaya ƙayyadadde ne.

Sauti ma yana da nasa sharrin. AAC, matsin sautin da aka saba sakawa a MP4, yana tafiya ne a dunƙule-dunƙule na samfur 1024, kuma yana saka ɗan shiru a farkon fayil. A bidiyon da ke zagayowa ba tsayawa, wannan ne ɗan ƙaran da ake ji ko ɗan giɓin da ke fitowa a mahaɗa. A cikin na'ura, sa sautin PCM mara matsi a fayil ɗin MOV. A intanet, inda AAC ya zama dole, masu lura suna zaɓar GOP na firem 48 a maimakon 50: a firem 25 da sautin 48 kHz, sakan 1.92 ke nan, daidai dunƙule 90 na AAC, sai hoto da sauti su yanke a wuri ɗaya.

Ƙananan abubuwa biyu kuma suna lalata aikin da aka yi daidai. Bidiyon da aka ɗauka da waya ko aka naɗa daga allo yawanci adadin firem ɗinsa yana hawa da sauka, sai ka mai da shi tsayayye kafin komai, in ba haka ba lokutan tsallenka ba za su zauna ba. Sannan +faststart da ke cikin umarnin can yana dawo da jadawalin fayil zuwa farkonsa, don burauza ta san inda kowane firem yake tun kafin ta gama saukewa. Ita ma sabar dole ta yarda a nemi tsakiyar fayil. Wadda ba ta yarda ba, ko kowane firem cikakke ne, sai an sauke daga farko.

Kafin ka miƙa aiki, duba abin da ka fitar da idonka da ffprobe, manhajar binciken fayil da ke zuwa tare da ffmpeg, domin wasu manhajojin tacewa suna da akwatin tazarar cikakken firem amma ba a kunne yake ba:

ffprobe -v error -select_streams v -skip_frame nokey -show_entries frame=pts_time -of csv=p=0 sabo.mp4

Zai jero maka lokacin kowane cikakken firem. Ka gwada a kan na'ura mafi rauni da za a yi amfani da ita, ba kwamfutar da ka yi tacewa a kanta ba. Kuma ka kula da hanyar da fayil zai bi ya isa wurin. YouTube da Facebook suna sake matse duk abin da aka ɗora musu da nasu saitin, WhatsApp ma haka idan ka aika shi a matsayin bidiyo. Ka tura shi a matsayin takarda (document), ko ka kai shi a filashi, sannan ka sake yi masa ffprobe a can.